Ranar da Roscoe Ya Samu Kujera

Duk wanda ya san Roscoe Pettiford a tsaye ya san shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana sana'ar riƙon layi a gine-ginen Majalisar Tarayya a nan Washington, kuma 'yan sandan ƙofa za su shaide shi, ba su taɓa ganin ya jingina da bango ba. Dogo ne siriri, gemunsa ya fara furfura, yana ɗan jan ƙafar hagu. Aikin nasa ba ɓoyayye ba ne. In kwamiti zai zauna a kan wata doka, kujerun da ake bar wa jama'a a bayan ɗakin 'yan kaɗan ne, wanda ya riga zuwa shi ke samu. Su kuwa masu kamun ƙafa, lauyoyin nan da manyan kamfanoni ke ɗauka don su riƙa bin 'yan majalisa suna yi musu raɗa, ba za su zo tun asuba su tsaya da takalmansu masu ƙyalli ba. Sai su kira Darlene, mai kamfanin riƙon layi, ita kuma ta tura irin su Roscoe. Za ka zo da kwali an rubuta sunan mai wurin, ka tsaya. Saura minti goma a buɗe ƙofa mutumin zai iso yana ƙamshi, ya ce maka "na gode, abokina," ya shige gurbinka, kai kuma ka kama gabanka.

Roscoe ya ɗauki aikin nan da girma fiye da yadda masu sa shi suka ɗauke shi. Ba ya shan kofi sai an tashi, don wanda ya sha kofi sai ya nemi bayi, wanda ya je bayi kuwa zai dawo ya tarar layi ya manta da shi. Ya san ƙofar da ake fara buɗewa a kowane gini, ya san matattakalar da ke kai mutum hawa na biyu kafin masu jiran lifta su gama danna maɓalli. Takalminsa baƙi ne irin na ma'aikatan asibiti, safa biyu yake sawa. Yakan ce tunda ya fara bai taɓa zubar wa kowa da wuri ba, kuma yakan faɗi haka ko ba a tambaye shi ba, har abokin aikinsa Skeeter ya ce ranar da ya mutu a tsaye za su binne shi, da kwalinsa a ƙirji.

A hayin kogi aka haife shi, a Anacostia, ubansa direban bas, uwarsa tana guga a wani otal. Yana shekara goma sha tara ya sayi keke ya shiga kai wasiƙu tsakanin ofisoshi, zamanin da duk takardar da za ta motsa a garin nan sai ɗan keke ya ɗauke ta. A nan ya haddace lungunan Majalisa. Sai kwamfuta ta zo ta cinye aikin a hankali, sannan wata rana wani fasinja ya buɗe ƙofar tasi a gabansa ko waiwaye bai yi ba, gwiwar hagu ta tafi. Daga nan sai kwalbar giya. Gidan da yake haya aka sayar, aka yi masa sabon fenti, aka zuba mutanen da ke sa wa karnukansu rigar sanyi. Matarsa Charmaine ta ce za ta je wurin yayarta a Baltimore ta yi sati biyu, har yau sati biyun bai cika ba. Hunturu uku Roscoe ya yi a waje, a kan ragar ƙarfen nan da ɗumi ke fitowa daga ƙarƙashin titi, kusa da tashar jirgin ƙasa. A can Darlene ta tsince shi. Ita dama cikin masu kwanan titi take neman ma'aikata, ta ce babu wanda ya kai su iya jira.

Wadda ta raba shi da titi kuwa Mama Odessa Gaither ce. Abinci ta dafa wa 'yan firamare har ta yi ritaya, mijinta ya rasu, ta koma ciyar da mutane duk Lahadi a ɗakin ƙasan cocinsu. Gajeriya ce mai jiki, muryarta ta ishi mutum uku. Abin da ya sa ta lura da Roscoe, in ya gama ci sai ya wanke farantinsa har da na wanda ke kusa da shi. Ta ce mutumin da ke wanke faranti ya kamata ya samu inda zai ajiye faranti. Ita ta cike masa takardun neman tallafin haya na gwamnatin tarayya, ita ta ja shi ofis-ofis wata goma sha huɗu, tana faɗa da sakatarori, tana faɗa da shi kansa in ya zo yana warin giya. Da takardar ta fito, masu gida tara suka ce su ba sa ba masu irin wannan takarda haya. Na goma ya karɓa. Ranar da aka miƙa masa makulli ya shiga ɗakin ya kulle, ya buɗe, ya sake kullewa, ya sake buɗewa, Mama Odessa tana tsaye a waje tana cewa zai lalata wa mutane kuba. Tun daga ranar giya ba ta sake wuce maƙogwaronsa ba.

A Lahadin wannan makon ne, shekara bakwai da suka wuce, wani dattijo a teburin coci ya tambaye shi inda yake aiki. Roscoe ya buɗe baki zai ce layi yake riƙe wa mutane, sai ya ga an ajiye cokula ana dubansa, ga sabon makulli a aljihu yana jin nauyinsa. Sai ya ce a Majalisa. Bai ƙara komai ba, kuma yakan lallashi kansa da cewa ai ba ƙarya ya yi ba. Mama Odessa ta tafa hannu, ta zagaya teburi-teburi tana sanar da mutane. Lahadi ta gaba ta kawo masa shuɗin kwat da ta samo a gwanjo, ta ce mai aiki a Majalisa ba ya yawo da rigar ruwa. Tun daga nan duk wanda ke son sanin makomar wata doka sai ya ja kujera kusa da Roscoe. Shi kuwa yana jin abin da masu kamun ƙafa ke faɗa wa wayoyinsu a bakin ƙofa, don a gaban mai riƙon layi ba sa rage murya. Sai ya gyara zama ya ce wannan dokar ba za ta kai bazara ba, kuma sau da yawa haka ɗin take faruwa. Daɗin abin yana shigarsa, amma duk sanda ya rataye kwat ɗin a gida ba ya son haɗa ido da madubi.

Ana nan sai ga wata dokar gidaje ta taso. Ni dai na sha ganin irinta suna shiga ginin nan da ƙiba su fito a rame. Wannan tana da wani sashe da ya hana mai gida korar mutum don kawai takardar tallafi ya zo da ita, wato abin da masu gida tara suka yi wa Roscoe. Ƙungiyar masu gidajen haya ta tashi tsaye sai an cire sashen. Mama Odessa da mutanenta su ma suka shiga nasu kamun ƙafar irin na talaka: wasiƙu, kiran waya, zaman jira a ofisoshi da burodi a jaka. Har suka samu wata 'yar majalisa a cikin kwamitin ta yi musu alkawari. Ta ce ranar zaman, in lokacin maganarta ya zo, za ta nemi duk wanda takardar nan ta ɗauko daga titi ya miƙe tsaye a cikin ɗakin, abokan aikinta su ga mutane da idonsu, kyamara ma ta ɗauka. Abin da ake bukata kawai su kasance a ciki.

Ranar Lahadi Mama Odessa ta zuba masa fukafukan kaza da ganye da burodin masara, ta zauna gabansa, abin da ba ta saba yi ba.

"Roscoe, ɗana, ranar Alhamis muna zuwa wurin aikinka. Mu talatin da ɗaya, coci ta ba mu bas. Matar ofishin 'yar majalisar nan ta ce wai mu zo tun ƙarfe biyar. Na ce mata ni da wannan ƙugun nawa? Muna da namu a can. Ka kama mana wuri ko kaɗan ne, sannan ka gaya mini gaskiyar lokacin da za mu zo."

Roscoe ya san ɗakin kamar tafin hannunsa. Kujera goma sha huɗu ce ta jama'a, kuma kafin gari ya waye 'yan kwali ashirin sun jeru a bakin ƙofa. Gaskiyar ita ce ko biyar ɗin ma an makara. Amma wanda zai ce ku zo ƙarfe huɗu ku tsaya bayana, sai ya faɗi abin da yake yi a wurin ƙarfe huɗu. Mutanen teburin duk sun zuba masa ido. Ya haɗiye lomarsa ya ce kada ta damu, su zo tara ma ya isa.

Daga Litinin zuwa Laraba ya ɗauki waya ya ajiye ya fi sau ashirin. Ranar Talata Darlene ta kira shi ta ba shi aikin Alhamis, kuma ɗakin nan ne dai. Sunan da zai riƙe Mista Halvorsen, lauyan ƙungiyar masu gidajen haya. Roscoe ya roƙe ta ta canza masa wani ɗakin, ya ce gwiwa na damunsa. Ta ce gwiwar ba ta san ɗaki ba, kuma Halvorsen da bakinsa ya ce a turo masa dogon nan. Shekara shida yana riƙe wa mutumin wuri, har yau sunansa a wurinsa dogon nan. Roscoe ya ce to. Ya yi ta gaya wa kansa cewa in Alhamis ta zo wata dabara za ta zo tare da ita.

Alhamis ta zo ita kaɗai. Da aka buɗe ginin ya bi matattakalarsa, ya samu na huɗu, Skeeter na biyar. Kwat ɗin nan ne a jikinsa, wanda bai taɓa sawa a wurin aiki ba. Skeeter ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai, Sanata, wa ya mutu? Ko auren za ka sake?"

Roscoe ya ce ya kiyaye shi yau, ba ya jin wasa. Skeeter ya ce ai kuwa dole ya kiyaye, kada a kama shi da laifin taɓa babban mutum.

Tara da kwata ya jiyo su kafin ya gan su. Dariya, ƙarar sanduna a kan daɓe, da muryar nan da ta ishi mutum uku tana cewa kowa ya riƙe na kusa da shi. Ya leƙa ta gefen kafaɗar Skeeter. Ga su can ƙarshen baranda, duk cikin riguna ruwan ɗorawa, tsofaffi da mata masu goyo da wani dattijo a keken guragu, Mista Boone, wanda shi ne ya taɓa tambayarsa inda yake aiki. Ɗan sanda ya nuna musu wutsiyar layi, mutum hamsin tsakaninsu da ƙofa. Roscoe ya juya baya, ya ɗaga kwalin ya kare gefen fuskarsa, ya ɗan rusuna don tsayinsa kada ya tona shi.

Waya ta fara rawa a aljihunsa.

"Aljihunka na kuka, Sanata."

"Bar shi."

"Budurwa ce?"

"Uwata ce."

"To ka ɗauka mana, ɗan banza."

Bai ɗauka ba. Sau uku tana kira. Bayan na ukun ya ji ta daga can nesa tana gaya wa mutanenta su kwantar da hankali, yana cikin aiki ne, yanzu za su ga ya fito. Taku arba'in ne tsakaninsu, ya kuwa san takun barandar nan ɗaya bayan ɗaya, amma ya tsaya yana karanta bayan kwalinsa inda babu rubutu.

Goma saura, masu wurare suka fara isowa. Mai wurin Skeeter ya zo, Skeeter ya daki kafaɗar Roscoe ya wuce neman kofi. Halvorsen shiru. Aka buɗe ƙofa. Ƙa'idar sana'ar ita ce in mai wuri ya makara, kai za ka shiga ka zauna masa a kujerar har ya zo. Sau biyu ko uku hakan ta taɓa samun Roscoe, kuma bai taɓa wuce minti biyar a ciki ba. Ya shiga, ya zauna a kujera ta huɗu, ya tura kwalin ƙarƙashinta da dunduniya. Da aka ƙirga goma sha huɗu aka rufe ƙofa. Ya ji ɗan sanda a waje yana cewa sauran su sauka ƙasa, akwai ɗakin da aka sa talabijin, za su ga komai daga can.

Matar da ke gefensa, mai jakar fata da agogon zinariya, ta dubi kwat ɗinsa ta gyaɗa masa kai irin gaisuwar da suke yi wa junansu. Ta ce yau za a daɗe. Roscoe ya ce haka yake gani shi ma. Ba zan ɓoye masa ba, abin ya yi masa daɗi. Kujerar tana da laushi, ɗakin ɗumi, ga tutoci, ga 'yan majalisa a jere a sama, kuma karon farko a ginin nan an yi masa magana ba a ce abokina ba.

Goma da minti goma saƙon Darlene ya shigo. Halvorsen ba zai zo ba, daga ofis zai kalla, Roscoe yana iya tafiya.

To, a nan ne ba ni da abin da zan kare shi da shi. Kafin saƙon nan yana iya cewa aikinsa yake tsaro, in ya ba da wurin wani Darlene za ta sallame shi. Yanzu kujerar ba ta kowa ba ce. Ɗan sandan ƙofar ya san shi shekara da shekaru, da ya ce masa a riƙe kujerar minti uku zai ɗauko wata tsohuwa, da ya riƙe. Abin da zai yi kawai ya sauka ƙasa, ya tura ƙofar ɗakin talabijin, mutum talatin da ɗaya su juyo, ya ce kujera ɗaya ce, kuma ga yadda aka yi ya same ta. Ya ce a ransa bari mai maganar nan ya gama. Mai maganar ya gama, wani ya ɗauka. Ya ce bari a kai rabin awa. Aka kai, aka wuce.

Sha ɗaya da rabi aka ba 'yar majalisar nan dama. Ta ajiye takardunta, ta cire tabarau, ta dubi bayan ɗakin. Daga inda take ba za ta tantance kowa ba saboda hasken fitilun kyamara.

"Ina roƙon duk wanda ke cikin ɗakin nan da ya taɓa kwana a titi, takardar nan ta ba shi ɗaki, ya daure ya miƙe tsaye. Ina so abokan aikina su gan shi."

Ɗaki ya yi tsit. Mai kyamara ya juyo da ita a hankali kan kujerun baya. Mutum goma sha huɗu, sha uku daga cikinsu ko a filin jirgi ba su taɓa kwana a kan benci ba. Roscoe yana jin makullin ɗakinsa yana tokarin cinyarsa ta aljihun wando. Ya san shi ake kira, babu wani sai shi. Ya sa tafukansa a gwiwa kamar mai shirin tashi. Sai matar gefensa ta ɗan karkato ta raɗa masa cewa an ji kunya, ta yi murmushi, tana jiran nasa. Ya mayar mata.

'Yar majalisar ta sake faɗa, a hankali wannan karon. Babu wanda ya motsa. Wani ɗan kwamitin daga ɗaya ɓangaren ya jawo abin maganarsa ya ce da alama mutanen da ake ta magana a kansu suna da wani uzurin yau. Aka ɗan yi dariya, shugaban zama ya ce a ci gaba. 'Yar majalisar ta mayar da tabaranta, ta karanta sauran jawabinta da sauri. Roscoe ya ƙura wa takalminsa ido har aka tashi. Ƙafafun da suka yi shekara goma sha ɗaya suna tsayawa wa baƙi, awa shida, awa takwas, cikin ruwa da ƙanƙara, ranar nan ya ji su kamar ba a jikinsa suke ba.

Ban ce da ya tashi da dokar ta tsira ba. Bayan sati biyu aka cire sashen, kuma masu kamun ƙafa za su gaya maka tun kafin zaman an riga an gama magana a wani ɗakin da babu kujerar jama'a ko ɗaya. Wataƙila gaskiyarsu ne. Roscoe dai bai taɓa samun sauƙi daga wannan bayanin ba.

Da aka watse ya jira kowa ya fita, ya zaro kwalin ya naɗe shi ya cusa cikin kwat, ya bi matattakalarsa ta baya da ba kowa ya sani ba. Ya manta a bakin ɗakin talabijin take sauka. Mama Odessa tana zaune ita kaɗai a kan benci, sandarta a tsakanin gwiwoyi, leda a gefenta. Sauran sun riga sun tafi bas. Babu hanyar komawa. Ya tsaya gabanta, ya rasa inda zai sa idonsa.

Ta ce ya zauna. Ya ce a'a, ya fi son tsayuwa. Ta dubi kumburin da ke ƙirjin kwat ɗin, ta ce ya fito da kwalin kada ya ɓata wa rigar siffa, ta sha wuya kafin ta same ta. Ya fito da shi. Ta karanta sunan.

"Mama, ni ba ma'aikacin Majalisa ba ne. Layi nake riƙewa."

"Na sani."

Ya ɗago kai.

"Shekara shida ke nan da na sani. Na wuce a bas zan je asibiti, ana ƙanƙara, na gan ka a bakin ginin can da kwali, ka miƙe sak. Na ce ga mutum mai aiki. Na je gida na yi kuka don daɗi. Da nake cewa muna da namu a can, me kake tsammani nake nufi? Duk garin nan wa ya fi ka iya kama wuri?"

Roscoe ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shekara bakwai yana ɓoye mata abin da take alfahari da shi. Ya ce ta yafe masa. Ita kuwa ba faɗa take yi ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Muryarta ta yi ƙasa, irin yadda bai taɓa ji ba.

"Da matar nan ta yi kira, mun tashi, Roscoe. Mu duka. Mista Boone ya ɗaga hannu biyu tunda shi ba shi da ƙafa. A gaban talabijin muka tashi, a ɗakin da ba mai ganinmu. Sai kyamara ta juyo, sai ga ka. Mata suka hau ihu, ga namu nan, ga namu nan, yanzu zai tashi. Muka tsaya muna jiranka."

Ta murza kan sandarta.

"Da aka wuce maganar sai suka juyo suna dubana. Na ce musu ku yi masa uzuri, gwiwar nan ce ta riƙe shi, tun Lahadi yake fama da ita. Shekarata saba'in da huɗu, ban taɓa yi wa mutanen nan ƙarya ba sai yau."

Ta miƙa masa ledar. Riga ce ruwan ɗorawa irin tasu, ta ce da ƙyar aka samu mai tsawon da zai kai masa ƙugu. Ta ce Lahadi akwai kaza, kada ya ce zai ɓuya, ta san gidansa tunda ita ta nemo shi. Sannan ta miƙo hannu ya ɗaga ta, don direba ya ce ba zai wuce ƙarfe ɗaya ba.

Suka fito ta ƙofar gefe, hannunta a cikin nasa, ledar a ɗaya hannun. Bas ɗin coci tana tsaye a hayin titi, kowace taga da fuska, duk sun juyo suna kallonsu. Wata mata ta zuge gilashi ta ce sannu da jiki, Roscoe, Allah ya ba da sauƙi. Mista Boone yana ɗaga masa hannu.

Gwiwar nan rabon da ta dame shi tun bara. Roscoe ya dubi tagogin, ya dubi tsohuwar da ke gefensa, wadda ta kafe idonta a gaba ba ta dube shi ba. Ya sauka daga dakalin titi ya fara ɗingishi, ɗingishi mai tsanani, yana jan ƙafar yana cije leɓe. Mama Odessa ta rage tafiya, ta ƙara riƙe hannunsa, ta tallafe shi har suka tsallaka.